Dala Biyar a Bakin Ƙofa: Farkon Fugazi da Yaren Samarin Washinton

A daren 3 ga Satumba, 1987, wasu samari uku suka hau ɗan ƙaramin dandamali a Wilson Center, wani zaure da ke ƙarƙashin ginin coci a birnin Washinton na Amurka. Kuɗin shiga dala biyar ne. Wata ƙungiyar matasa 'yan gwagwarmaya mai suna Positive Force ce ta shirya taron. Mai jita kuma mai waƙa shi ne Ian MacKaye, ɗan shekara 25. Joe Lally, ɗan shekara 23, yana riƙe da jitar bas, wato babbar jitar nan mai kaurin amo, Brendan Canty kuma, ɗan shekara 21, yana kan ganguna. Wanda zai zama na huɗunsu, Guy Picciotto, yana tsaye cikin 'yan kallo, domin a lokacin ba a ga gurbin da za a sa shi ba.

Ba su da faifai ko ɗaya a kasuwa. Sunan da suka zo da shi, Fugazi, galibin waɗanda ke zauren ba su taɓa jin sa ba. Daga baya masu sharhin kiɗa suka laƙaba wa salonsu suna post-hardcore, ma'ana kiɗan da ya biyo bayan hardcore. Su dai ba su taɓa kiran kansu da haka ba, kuma akwai dalili. Kafin wannan dare, MacKaye ya sha ganin yadda kalma take fita daga bakin matashi cikin wasa ko fushi, ta zaga gari, ta dawo masa da wata fuska da bai san ta ba. Tarihin farkon Fugazi tarihin kiɗa ne, amma rabinsa labarin irin waɗannan kalmomi ne.

Washinton ta ƙarshen shekarun 1970 gari ne na ma'aikatan gwamnati, mafi yawan mazaunansa baƙaƙen fata ne, kuma kiɗan da ke tashe a unguwanni shi ne go-go na su Chuck Brown da Trouble Funk. Kamfanonin faifai suna New York da Los Angeles, babu mai waiwayar babban birnin. A wannan gari ne wasu baƙaƙen samari huɗu da ake kira Bad Brains suka ɗauki kiɗan punk, suka ƙara masa gudu har ya zama kamar ana bin sa da bulala, suna kuma tsoma rege a tsakani. Ɗaliban sakandare irin su MacKaye da abokinsa Henry Garfield, wanda duniya ta sani daga baya da Henry Rollins, suka gan su suka rikice. A 1979 MacKaye da Jeff Nelson da wasu abokai biyu suka kafa tasu ƙungiyar, Teen Idles.

A 1980 suka tafi Kalifoniya. A wani kulob na San Faransisko mai suna Mabuhay Gardens aka ga shekarunsu ba su kai na shan giya ba. Maimakon a kore su, sai aka zana musu babban harafin X a bayan hannu, kamar tawadar da ake shafa wa mai zaɓe a yatsa, don mai sayar da giya ya gane su. Da suka koma gida suka kai wa masu kulob na Washinton wannan dabara, ciki har da sanannen 9:30 Club: ku bar yara su shiga su ji kiɗa, ku sa musu alama, duk wanda kuka kama da kwalba ku kore shi. Alamar da aka yi don wariya sai ta zama ado. Har waɗanda shekarunsu suka kai suka fara zana ta da kansu.

Teen Idles ba ta daɗe ba. Da ta watse, akwai dala 600 da suka tara daga wasanni. Maimakon su raba, sai suka buga ƙaramin faifai mai waƙa takwas, Minor Disturbance, kwafi 1,000. Su da abokansu suka zauna da almakashi da gam suka yanka kwalayen, suka naɗe, suka manne ɗaya bayan ɗaya. Haka aka haifi kamfanin Dischord a ƙarshen 1980. A Turancin samarin ana kiran irin wannan aiki DIY, gajarta ce ta jimlar da ke nufin yi da kanka. Asalinta kalmar masu gyaran gida ce, masu kafa kanta da gyara famfo ba tare da kiran kafinta ba. A bakin 'yan punk ta koma aƙida: ka buga faifanka, ka shirya wasanka, ka rubuta 'yar mujallarka ka kai injin kwafi. Ita ma mujallar suna da sunanta, zine, wutsiyar kalmar mujallar masoya da aka datse wa kai.

Waƙar da ta zama doka

MacKaye da Nelson suka kafa Minor Threat. A 1981 suka fitar da wata waƙa mai suna "Straight Edge" wadda ba ta kai minti ɗaya ba. Abin da MacKaye ke faɗa a ciki bai wuce cewa shi ba ya shaye-shaye, kuma yana ganin hakan ya ba shi wani fifiko na tsabtar tunani ba. Magana ce ta yaro ɗan shekara 19 da ya gaji da ganin abokan makaranta suna layi a buge. Bai kafa ƙungiya ba, bai rubuta tsarin mulki ba.

Amma sunan waƙar ya fi ƙarfinsa. Cikin shekara biyu ko uku, straight edge ta zama sunan jama'a. A Boston aka sami samari masu zafin kai da aka san su da buge kwalbar giya daga hannun mutane. A New York, ƙungiyoyi irin su Youth of Today suka ƙara ƙin cin nama a kan ƙa'idojin. Wanda ya koma shan giya aka ce ya karya edge, ana faɗa kamar an ce ya ci amana. Masu adawa suka ƙirƙiro nasu laƙabin, bent edge, wato lanƙwasasshe a madadin miƙaƙƙe. Tun a 1983, da Minor Threat ta sake naɗar waƙarta "Out of Step", sai da MacKaye ya cusa 'yar magana a tsakiya yana bayanin cewa shi fa ba dokoki yake kafa wa kowa ba. Bayanin bai yi tasiri ba. A shekarun 1990, 'yan sandan Salt Lake City har sun sa wasu masu kiran kansu straight edge cikin jerin gungun 'yan daba.

Ita ma rawar da ake yi a gaban dandamali ta canza. Da farko 'yan tsiraru ne da suka san juna suke ture-ture cikin raha. Ana ce mata slam, wato bangaza. Daga baya kalmar mosh ta danne ta, kuma da yawa suna danganta asalinta ga mawaƙin Bad Brains, H.R., wanda yake furta mash irin ta Jamaika, masu sauraro suka ji ta da wani wasali. Da jaridu da talabijin suka fara nuna punk a matsayin dandalin faɗa, sai masu neman faɗan suka amsa gayyata. Ƙarti suka mamaye tsakiyar fili, 'yan mata da ƙananan yara suka koma jikin bango. Kowa kuma yana zargin kowa da zama poser, mai shigar burtu, wanda ya sayi kayan amma bai san abin ba. Babu zagin da ya fi wannan yawa a wancan zamani, kuma babu wanda ya fi shi arha, tunda ba ya buƙatar hujja.

Minor Threat ta yi wasanta na ƙarshe a Satumban 1983, tare da Trouble Funk. Shekara biyu bayan haka, tsofaffin 'yan da'irar Dischord, waɗanda tsufan nasu bai wuce shekara ashirin da 'yan kai ba, suka yanke shawarar sake lale. Wata ma'aikaciyar kamfanin, Amy Pickering, ta riƙa aika wa abokai 'yan takardu marasa sa hannu tana shelar Revolution Summer, bazarar juyin juya hali ta 1985. Suka kwashi ganguna da gwangwanaye da bokitai suka je gaban ofishin jakadancin Afirka ta Kudu suna duka, don nuna adawa da mulkin wariyar launin fata. Sababbin ƙungiyoyi suka fito da kiɗan da ba zai yi wa masu bangaza daɗi ba. A gabansu akwai Rites of Spring ta Picciotto da Canty, wadda ba ta yi wasa ashirin ba a duk rayuwarta, amma ana ba da labarin yadda suke farfasa jitocinsu, 'yan kallo kuma wasu na hawaye. MacKaye ya kafa Embrace.

Nan ma sai ga wata kalma. Wani ya kira sabon salon emo-core, daga kalmar Turanci ta motsin zuciya, mujallar 'yan wasan allon taya Thrasher ta buga. Akwai bidiyon 1986 inda MacKaye ke tsaye a dandamali yana cewa bai taɓa jin wauta irin wannan ba, yana tambaya ko su Bad Brains ba su da zuciya ne. Picciotto ma ya sha nesanta kansa da sunan. A banza. An datse ta ta koma emo, ta kwanta shekaru, ta farka a shekarun 2000 a matsayin sunan yara masu baƙin gashi mai rufe ido ɗaya da matsattsen wando, waɗanda yawancinsu ba su taɓa jin Rites of Spring ba. A 2008, a birnin Querétaro na Meziko, taron matasa ya far wa wasu yara da duka saboda kawai ana kiran su emo.

Sunan da aka tsinto a littafin yaƙi

Embrace da Rites of Spring duk sun watse kafin ƙarshen 1986. A wannan karo MacKaye bai yi gaggawa ba. Ya gayyato Lally, wanda a da yake tuƙa mota da ɗaukar kaya wa ƙungiyar Beefeater, suka yi watanni suna atisaye a gidan Dischord da ke Arlington, tsallaken kogin Potomac. Mai gangunansu na farko, Colin Sears, ya koma tsohuwar ƙungiyarsa Dag Nasty, sai Canty ya maye gurbinsa. Abin da MacKaye ke nema, kamar yadda ya sha faɗa, shi ne ɗanyen ƙarfin ƙungiyar Stooges a haɗe da rege.

Sunan kuwa a littafi ya same shi. Nam, na Mark Baker, wanda ya fito a 1981, tarin hirarraki ne da sojojin Amurka da suka yi yaƙin Biyetnam, kuma a cikinsa fugazi kalmar bariki ce ta al'amarin da ya dagule. Ana warware haruffanta da wata jimla mai ashar a gaba, wadda ma'anarta ita ce komai ya lalace, an yi mana kwanton ɓauna, an zuge mu a jakar gawa. Ko warwarewar ce ta haifi kalmar, ko kuwa daga baya aka ɗinka mata ita, wannan gardamar masu nazarin harshe ce. Abin da ya dace da buƙatar MacKaye shi ne kalma ce da ba ta yi alkawarin komai ba. Ba a iya zana ta a bayan hannu a ce an shiga ɗariƙa. Wata ƙungiyar Birtaniya, Marillion, ta riga ta sa wa faifanta wannan suna a 1984, amma duniyarsu daban.

Shigar Picciotto ta zo a karkace. Abokin Canty ne na ƙut da ƙut, yana zuwa wajen atisaye, amma waƙoƙin an riga an gina su da jita ɗaya. Sai ya duba 'yan hip-hop, musamman yadda Flavor Flav ke yi wa Chuck D rakiya a Public Enemy, ya ɗauki matsayin ɗan amshi mai rawa da tsokana. Ba ya riƙe da komai sai makirfo, don haka jikinsa duka ya zama kayan aiki. Akwai hoton bidiyo na 1988 daga wani ɗakin wasanni a Philadelphia inda ya cusa kansa cikin zoben ƙwallon kwando, ya rataye kai a ƙasa yana waƙa. Sai a 1989 ya ɗauki jita.

A Janairun 1988 suka naɗi gwaji a Inner Ear, sutudiyon Don Zientara, wanda a lokacin yake ƙarƙashin gidansa na zama. Suka riƙa raba kaset ɗin suna cewa kowa ya kwafa ya ba wani. Shi ya sa a garuruwan da ba su taɓa zuwa ba suke tarar da yara sun haddace waƙoƙin. A watan Yuni suka naɗi faifan farko mai waƙa bakwai tare da Ted Niceley, ya fito a Nuwamba.

Waƙar da ta buɗe faifan, "Waiting Room", ta isa ta nuna abin da ya canza. Hardcore gudu ne daga farko zuwa ƙarshe, kowa na rige-rigen isa. A nan jitar bas ta Lally ce ke fara tafiya ita kaɗai, cikin natsuwa, da wani ɗan rangaji da aka aro daga rege. Ganguna su shigo, jita ta shigo, jiki ya fara ɗauka, sai komai ya tsaya cak na 'yan daƙiƙoƙi. Mai bangaza da ya ɗaga kafaɗa zai kai wa na kusa da shi sai ya tsinci kansa a tsaye babu kiɗa. Ko da gangan aka yi don shi ko a'a, shirun ya yi aikin da wa'azi bai yi ba. Muryoyin biyu kuma ba su yi kama ba: ta MacKaye tsawa ce daga ƙirji, kalma a fili, ta Picciotto siririya mai murɗewa, zancensa a lulluɓe. Da jita ta biyu ta shigo, bambancin ya bi su. Gibson SG ta MacKaye tana da kauri da nauyi, Rickenbacker ta Picciotto tana yanka kamar reza daga sama.

A ƙarshen 1988 suka yi doguwar tafiya a Turai, suna wasa a cibiyoyin matasa da gidajen da 'yan gwagwarmaya suka mamaye, suna kwana inda dare ya yi musu. A Disamba, a gajiye, suka shiga Southern Studios a Landan tare da John Loder. Waƙa shida suka tsira da su, aka fitar a 1989 da sunan Margin Walker. A shekarar aka haɗa faifan biyu wuri ɗaya, aka ƙirga waƙoƙin, aka sa masa suna 13 Songs. Ko a nan ba su ba masu neman taken aƙida abin kamawa ba.

Abin da hannu ke iya riƙewa

A ganina, hikimar Fugazi ita ce sun daina kokawa da abin da ba su da iko a kai, suka koma kan wanda ke hannunsu. Ba za su hana ɗan jarida laƙaba musu suna ba. Amma kuɗin ƙofa, da wanda za a bari ya shiga, da abin da za a sayar a zaure, waɗannan sai da yardarsu.

A shekarun da suke wasa, kuɗin shiga dala biyar ne, wani lokaci shida. Kowane wasa all ages ne, wato babu iyakar shekaru, kuma kulob ɗin da ya ƙi sai su nemi zauren coci ko ɗakin taron unguwa. Ba su da manaja, MacKaye ne ke zama da wayar tarho da littafin adireshi yana tsara tafiya. Ba sa sayar da riga ko hula ko sitika, alhali nan ne ƙananan ƙungiyoyi ke samun kuɗin mai. Lissafinsu shi ne idan babu kaya babu mai tsaron teburin kaya, babu ciyar da shi, babu ƙarin nauyi a mota. A bayan faifansu ana buga farashin da za ka biya a aiko maka ta gidan waya, don mai kanti ya ji kunyar tsawwalawa. Dischord ba ya sa hannu a kwantiragi da mawaƙansa, ribar ake rabawa biyu. Ba sa rubuta jerin waƙoƙin da za su yi, wani ya fara, sauran su gane su bi. Fitilar dandamali fara ce, ba ja ba kore. A Washinton kuwa kusan duk wasansu na tallafi ne ko kyauta, kuɗin na tafiya asibitocin marasa galihu da matsugunan marasa gida.

Dala biyar ba sadaka ba ce kawai. Wanda ya biya dala talatin yana jin ya sayi mawaƙin, dole a yi masa abin da ya zo gani. Wanda ya biya biyar, idan ya tayar da hankali, ana iya mayar masa da kuɗinsa a nuna masa ƙofa. Haka kuwa suke yi, har ambulan suke ajiyewa da dala biyar a ciki don irin wannan rana. MacKaye kan tsayar da waƙa a tsakiya, ya nuna mai dukan mutane da yatsa. Abin dariyar shi ne harshen da yake amfani da shi. A dandalin da kowa ke ashar, shi sai ya kira mutumin da sir, wato yallaɓai, ya roƙe shi cikin ladabin ma'aikacin banki da ya daina taka kan jama'a. Ƙato mai jiran a zage shi ya rama sai ya rasa abin yi da girmamawa. Picciotto nasa salon daban ne. A fim ɗin Instrument na Jem Cohen, wanda ya fito a 1999, an gan shi yana tsokanar wasu ƙarti biyu da cewa ya gan su kafin wasa suna lasar askirim kamar yara, yanzu kuma sun zo suna nuna su ne mugaye.

A lokacin, garin da suke waƙa a cikinsa yana cikin mummunan hali. Hodar crack ta shigo, kisan kai ya haura 400 a shekara daga 1989 zuwa 1991, jaridu suna kiran Washinton babban birnin kisa. A Janairun 1990 aka kama magajin garin, Marion Barry, da hodar. Faifansu Repeater, wanda ya fito a Afrilun 1990, sunansa na ɗauke da ma'anar bindiga mai aman harsashi a jere da kuma abin da ke ta maimaituwa, waƙar da ke ɗauke da sunan kuma a kan samarin da ake harbewa ne su zama lamba a labarai. Wata daga cikin waƙoƙinsu na farko, "Suggestion", a bakin mace aka rera ta, macen da maza ke bi da ido da baki a titi. An soki MacKaye a kan me ya sa namiji zai ari bakin mata, kuma sukar tana da tushe. Wasu lokuta Amy Pickering ce ke hawa ta rera. A ranar 12 ga Janairu, 1991, ranar da majalisar dokokin Amurka ta amince wa Shugaba George Bush ya yi amfani da ƙarfi a kan Iraƙi, Fugazi suka yi wasa cikin tsananin sanyi a dandalin Lafayette, daura da Fadar White House. Kwana biyar bayan haka aka fara ruwan bama-bamai.

Sai kasuwa ta iso. A Satumban 1991 ƙungiyar Nirvana ta fitar da faifanta Nevermind, a Janairun 1992 ya ture Michael Jackson daga saman jadawalin Billboard. Manyan kamfanoni suka bazama neman duk wani mai ƙarar jita. Kalmar da ta mamaye bakin samari a lokacin ita ce sellout, wanda ya sayar da kansa. Jawbox da Shudder to Think, 'yan gidan Dischord, suka koma manyan kamfanoni. Su Fugazi sun ƙi shiga bikin kiɗa na Lollapalooza saboda tsadar tikiti, sun ƙi hira da mujallun da ke tallan giya da taba, kuma a 1993 Ahmet Ertegun na kamfanin faifai na Atlantic da kansa ya same su a New York da tayin miliyoyin daloli, suka ce sun gode. A shekarar faifansu In on the Kill Taker ya shiga jerin 200 na Billboard ba tare da wani babban kamfani a bayansa ba.

Har yaren ma an so a saya. A Nuwamban 1992 jaridar New York Times ta buga wani ɗan ƙamus na kalmomin da ta ce samarin Seattle ke amfani da su. Ɗan jaridar ya kira wata budurwa, Megan Jasper, wadda ta taɓa aiki a kamfanin faifai na Sub Pop, ita kuwa ta gaji da irin waɗannan tambayoyi, sai ta riƙa ƙirƙirowa nan take. Ta ce lamestain shi ne wanda bai waye ba, harsh realm abin takaici ne, swingin' on the flippity-flop kuma zaman hira. Babu mai faɗin ko ɗaya a Seattle. Jaridar ta buga duka, sai da mujallar The Baffler ta tona. Jasper daga baya ta zama shugabar Sub Pop.

Su ma Fugazi ba su tsira ba. Tunda ba su ba da taken da za a riƙe ba, sai sunan nasu ya zama ma'auni, ana auna kowace ƙungiya da shi a ce ta gaza. Aka ƙaga musu tatsuniyoyi, wai suna zaune gida ɗaya babu abin ɗumama ɗaki, wai shinkafa zalla suke ci. Aka ce ba sa dariya, aka ce malaman makaranta ne da jita. Akwai ƙamshin gaskiya a sukar, don wanda ya zo rawa aka tsayar masa da kiɗa sau uku ana yi wa wani nasiha yana da haƙƙin yin tsaki. Sannan tsarin nasu ya yi aiki ne saboda suna da abin da wasu ba su da shi: kamfanin kansu, sunan Minor Threat da ke sayar da faifai har gobe, da jama'ar da ke cika zaure a duk garin da suka sauka. Ƙungiyar da mutum arba'in ke zuwa kallo ba za ta rayu a kan dala biyar babu riga ba. Su da kansu sun sha cewa hanyarsu ce, ba farilla ba ce a kan kowa. MacKaye ya taɓa faɗin irin wannan a 1983, an ga yadda aka saurare shi.

Rigar da suka ƙi bugawa kuwa wasu suka buga. 'Yan kasuwa suka cika shaguna da na jabu, har wani ya fito da wadda aka rubuta wa cewa wannan ba rigar Fugazi ba ce, ta kuma yi kasuwa. A 1997 fim ɗin Donnie Brasco ya fito, inda Johnny Depp ya duba wani lu'ulu'u da Al Pacino ya miƙo masa ya kira shi da wata kalma ta 'yan daban New York mai kusan irin wannan furuci, ma'anarta jabu. Fim ɗin The Wolf of Wall Street ya ƙara yaɗa ta a 2013, mawaƙan rap suka ɗauka. Yau idan matashin Ba'amurke ya ce agogo ko takalmi fugazi ne, na bogi yake nufi, kuma da wuya ya san Biyetnam ko Wilson Center. Ita kuwa ƙungiyar Fugazi ta yi wasa sama da 1,000 kafin ta dakata bayan wasanninta na Landan a Nuwamban 2002, kuma har yau ba ta ce ta watse ba.